Wasiƙa Zuwa Ga Adimiral Na Mayo Gwoi

Wushe, Ardo. Ko kuwa yanzu sai dai a ce ran Adimiral ya daɗe? Gaisuwa ce daga ubangidanka Babarbare, tare da tambayar lafiyar iyali, da ta shanu, in akwai sauran waɗanda ba su bi ta tike ba.

Na so in rufa maka asiri, domin bawa ko ya yi abin kunya na ubangidansa ne. To amma zance ya riga ya fi ƙarfina. Daga Sintali zuwa Magami, daga Sabon Gari har Kofai, babu teburin mai shayin da ba a baje labarinka ba. Wai an samu wani Bafulatani a Jalingo da ya ajiye aikin gwamnati, aka damƙa masa kuɗin sallama, maimakon ya nufi kasuwar Iware ya ƙaro karsana biyu a garke yadda kakanninsa suka saba, sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa yana ƙera jiragen ruwan yaƙi. Ba jirgin da za a hau ba, ba wanda zai ɗauko buhun masara daga tsallake ba. Jirgin ajiyewa a kan kabad, ana kakkaɓe masa ƙura da gashin kaza.

Ba ƙirar ce ta ɗaure wa mutane kai ba, maƙerin ne. Da Bajukune ne daga Ibi, ko ɗan Jenjo daga bakin Binuwai, da babu mai cewa uffan, ruwa gadonsu ne. Amma kai? Ku da in kun iso bakin kogi sai ku ja baya ku bar saniya ta fara shiga, sannan ku cafke wutsiyarta kuna salati har tsallake. Ruwa ɗaya tal Bafulatani ya yarda da shi, wanda ake tsarga wa nono kafin a kai kasuwa. Tsoron ruwan nan naka kuwa ni shaida ne. Ranar da muka tafi ɗaurin aure ƙetaren Binuwai, muna isa bakin ruwa a Lau ka hango kwalekwale yana rawa, sai ka dafe aljihu ka ce ka manta waya a caji, mu yi gaba kana biye. Yaron da aka haifa a auren nan yanzu yana firamare, kai ba ka iso ba.

Duk da haka ba zan ci amanar gaskiya ba, kana da hannu. Na ga Bismarck ɗinka da idona, kuma na yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba kasafai Babarbare ke yi a gaban Bafulatani ba. Jirgin Jamus na ainihi tsawonsa mita 251 ne. Kai ka rage komai nasa sau 350, ya dawo santimita 72, abin da mutum zai saƙala a hammata ya hau Keke Napep da shi. A wannan ma'aunin, ƙaton sojan ruwa mai tsawon mita 1.75 milimita 5 kacal yake, ƙwayar shinkafa ma ta fi shi tsawo. Irin waɗannan mutanen kake jerawa a saman jirgi da matsefata, tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya, numfashi a riƙe don kada iskar hancinka ta kwashe kyaftin ta jefa shi ƙarƙashin gado. Mutumin da bai taɓa iya zura zare a allura ba sai ya kira jika, yau shi ne ke ɗaura igiyar tuta da silin gashi.

Da farko kwalin Tamiya ka sa aka aiko maka daga Legas, irin wanda an riga an zuba kowane gunduwa da roba, naka kawai ɓallewa da mannawa da shafa fenti. Da dala ta yi tashin gwauron zabi sai Fulatancin ya motsa, ka fito kana wa'azi cewa wannan ai haɗi ne ba ƙira ba, maƙeri na gaskiya daga katako yake farawa. Mu dai mun san rowa ce. Amma rowar ta yi rana, domin ita ta sa ka koyi aikin daga tushe: ka shimfiɗa ƙashin bayan jirgi, ka yanka haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya daga filawud, ka bi su da siraran katako kana lanƙwasawa da ruwan zafi, ka cike ramuka da garin katako da gam, sannan ka zauna guga da samfefa har zanen yatsunka ya goge. An ce da ka je banki injin ɗaukar yatsa ya ce bai san ka ba.

Wanda ke biyan kuɗin wannan yaƙi kuwa uwargida ce. Ta kawo ƙara gidana, ta bakin tawa uwargidan. Tsintsiyarta kullum ramewa take, domin kai kake zare tsinkayen kana yin sandunan tuta. Zaren ɗinkinta baƙi ya ƙare a wayoyin rediyon jirgi. Gwangwanin madara ba ya kwana a gidan. Farantin da take jera kofuna in an yi baƙi ya zama tashar jiragen ruwa, kuma an kafa doka kada a yi shara a ɗakin sai da izinin rundunar. Ga hunturu, wanda bai san Adimiral ba: ka shafa fenti ruwan toka da yamma, kafin safe ƙura ta mayar da shi jirgin da ya fito daga Agadas. Ga zafin Maris da ke sa gam ya bushe tun yana bakin kwalba. Ga jikoki. Yamato na Japan, mai tsawon mita 263 da bindigogi masu faɗin baki santimita 46, sai da Amurka ta tura masa ɗaruruwan jiragen sama kafin ya nutse ranar 7 ga Afrilu 1945. Naka Yamaton yaro ɗan shekara uku ne ya gama da shi, da ƙwallon roba, bugu ɗaya.

Sai kuma ranar ƙaddamarwa, wadda ka yi ƙoƙarin ɓoye mini, ka manta yaran unguwa ba su da sirri. Ka jira damina ta sauka, Mayo Gwoi ya kawo ruwa, kogin da in rani ya yi yara ke buga ƙwallo a tsakiyarsa. Ka naɗe wando zuwa gwiwa, ka tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ka miƙa hannu iya tsawonsa ka saki jirgi. Ya yi ɗan taku na ƙasaita, ya karkata hagu ya gaida jama'a, sai ya juya ciki sama.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata ka yi kafin ka jiƙa ƙafa. Tsawo ka rage sau 350, amma nauyi ba haka yake raguwa ba, domin jirgi yana da tsawo da faɗi da zurfi. Sai ka buga 350 sau 350 sau 350, ka samu kusan miliyan 43. Bismarck da cikakken lodi ya kai wajen tan 50,000. Raba ka gani: naka bai kamata ya wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, kuma mafi yawan nauyin a can ƙasan cikinsa ake so ya kwanta, dalma irin wadda masunta ke ɗaura wa taru. Kai kuwa ka bar cikin fayau, ka ƙera bindigogi da ƙusa inci shida ka jibga su a sama don su yi ƙyalli. In zai sanyaya maka zuciya, sarki guda ya riga ka yin wannan wauta. A 1628 aka saki Vasa, jirgin yaƙin Sarkin Suwidin mai igwa 64, a tashar Stockholm. Sama ta fi ƙasa nauyi, iska ta ɗan busa, ya kife bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba, jama'ar gari suna tsaye suna kallo. Sai a 1961 aka tsamo shi, bayan shekara 333, yau yana da gidan tarihi nasa na kansa. Naka nan take yara suka tsamo, kuma ba su miƙa ba sai da ka sayi rake.

Da ka tambayi iyayen gidanka da ba ka sha wannan kunyar ba. Mu Barno mun san jirgi tun ku kuna neman inda za ku kafa bukka. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma ya ga ƙananan kwalekwalen da ake fafewa suna ɓata wa runduna lokaci a mashigi, ya sa aka ƙera manya masu ɗaukar kaya da yawa a sawu ɗaya. Limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta wannan, ba ni na ƙirƙira ba. A 1851 wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya iso da jirgin da aka ɗauko gunduwa gunduwa a bayan raƙuma tun daga Tarabulus, aka ratsa Sahara da shi, aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Chadi, ya shiga tsibiran Buduma. Su Buduman kuwa da ciyawar tafki suke ɗaure nasu jirgin, kuma ba ya kifewa gaban jama'a. Yau sojan ruwan Nijeriya suna da sansani a Baga. Na san abin da za ka ce, tafkin ya janye. Ya janye ɗin. Ko a janyen ya fi Mayo Gwoi.

Hujja ɗaya zan ara maka kyauta, ka riƙa kare kanka da ita a majalisa. A 2021 da rundunar sojan ruwa ta ce za ta kafa sansani a Kano, ƙasar nan ta yi ta dariya ana tambayar ina tekun, amma ga kwalejinsu can a Dawakin Tofa. In Kanawa sun samu sojan ruwa, babu dokar da ta hana Jalingo samun Adimiral na kan kabad. Kuma sana'ar taka tana da asali, ba yau aka fara ba. A 1920 masu tonon tarihi suka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, babban bafaden Fir'auna, kusa da Luxor a Masar, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, an sassaƙa su kimanin shekara 4,000 da suka wuce. A cikin kayan har da garken shanu ana kora su gaban maigida ana ƙirgawa. Ka lura, shi ya haɗa biyun, bai sayar da ɗaya don ɗaya ba. Fursunonin yaƙin Faransa da Ingila ta tsare zamanin Napoleon su ma sun yi suna a wannan aiki: ƙashin naman da ake ba su suke gogewa su ƙera jirage da shi su sayar. Su kurkuku ne ya sa su. Kai har yanzu muna binciken wanda ya ɗaure ka.

Duk wannan shimfiɗa ce, Ardo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Me ya haɗa ka da Bismarck? A Hamburg aka ƙera shi, fita yaƙi ɗaya ya yi a rayuwarsa, cikin Mayu 1941. Ranar 24 ga wata ya nutsar da Hood na Ingila, mutum uku suka tsira cikin fiye da 1,400. Ranar 27 ga wata shi ma aka kai shi ƙasan Atlantika da mutum fiye da 2,000. Ka haddace wannan duka, ka san adadin bindigoginsa, ka san launin fentin da aka shafa masa a wace rana, har faɗa kake da wasu Turawa a waya kan ko ruwan tokan ya cika duhu. Amma da na tambaye ka sunan jirage biyun da suka kafe a yashin Binuwai a ƙasar Muri a 1892, sai ka ce mini, wane jirage kuma? Na ce na Mizon. Ka ce wane Mizon, ɗan ƙwallo ne?

To zauna in karantar da kai tarihin garinku, tunda abin ya zama sai Babarbare.

Louis Mizon hafsan sojan ruwan Faransa ne. A lokacin Kamfanin Royal Niger na George Goldie, wanda Ingila ta ba takardar izini a 1886, yana ɗaukar Kwara da Binuwai tamkar gonar gado, babbar tasharsa a Binuwai tana Ibi. Faransawa kuwa suna riƙe da yarjejeniyar Berlin ta 1885, wadda ta ce kogin hanyar kowa ce. Mizon ya fara zuwa a 1890, ya sha wahala da kamfanin, ya isa Yola a 1891, ya fita ta Kwango ya koma gida aka yi masa tarbar jarumi. A 1892 ya dawo da jirage biyu masu tururi, Mosca da Sergent Malamine. Na biyun sunan wani sajan ɗan Sanagal ya ci, Malamine Camara, wanda ya tsare wa Faransa tuta a bakin kogin Kwango. Jiragen suka wuce Lokoja, suka wuce Ibi, ruwa ya fara janyewa kamar yadda yake yi duk ƙarshen damina, sai suka kafe a ƙasar Muri. Ko kuskuren matuƙi ne ko dabara, kafewar ta yi wa Mizon daɗi, domin ta ba shi dalilin zama har ruwa ya dawo.

Sarkin Muri na lokacin, Muhammadu Nya, ba ya ga maciji da kamfanin Ingilishi, kuma ya shafe shekaru yana yaƙi da Kona, garin Jukunawa mai ganuwa, bai samu shiga ba. Ga baƙo ya zo da igwa da sojoji 'yan Sanagal, yana neman sa hannu a takarda. Kowa ya ga abin da yake so a hannun ɗan'uwansa. Aka ƙulla yarjejeniya, cikin Disamba 1892 aka sauke igwa daga jirgi aka ja ta zuwa Kona, ganuwar da ta gagari dawaki ba ta gagari harsashi ba. Garin ya faɗi, aka kashe mutane, aka kwashi da yawa bayi. A nan na ajiye wasa. Ni da kai muna kiran juna bawa muna tafawa, amma ga mutanen Kona a wannan watan abin ba wasa ba ne, kuma jikokinsu ba su manta ba.

Labarin ya isa Turai, wasu daga cikin abokan tafiyar Mizon ɗin da kansu suka fallasa shi, Ingila ta yi ta kumfar baki, ba don tausayin Kona kaɗai ba, har da haushin an shiga mata kasuwa. Faransa ta kira mutuminta gida a 1893, kamfanin ya ƙwace Sergent Malamine a Yola. Shi kuwa sansanin yaƙin da Sarki Nya ya kafa kusa da Kona bai tashi ba. Ya zauna, ya zama gari, sarautar Muri ta dawo cikinsa. Shi ne Jalingo, 1893, garin da ya zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Taraba daga Gongola. Ɗakin da kake zaune kana manna wa Jamusawa bindiga, da titin Hammaruwa da kake bi ka sayo gam, duk akwai sawun jirgin ruwa a kafuwarsu. Kona yau mazaɓa ce a cikin Jalingo, 'ya'yansu da naku benci ɗaya suke zama a makaranta, kuma zan yi rantsuwa mafi yawansu ba su taɓa ganin ko zanen jirgin da ya kawo igwar ba.

Ba Mizon ne farau ba. A 1854 jirgin Pleiad ya hau Binuwai ƙarƙashin likita William Baikie, da Samuel Ajayi Crowther a cikinsa, har ƙasar Muri, mutanensa suka sauka suka je gaida sarki. Abin da ya sa duniya ta riƙe wannan tafiyar shi ne kwinin: an ba matafiya suna sha kullum, suka koma teku ba a rasa ko mutum ɗaya ba, alhali wata tafiyar da aka yi a 1841 zazzaɓi ya yi mata kaca kaca. Daga nan ƙofar kogin ta buɗe, da alherinta da sharrinta. Ba Mizon ne ƙarau ba kuma. A 1915, da Ingila da Faransa suka kasa fasa Jamusawa a Garwa, sai aka ciro igwa daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka biyo da ita Kwara da Binuwai, ta gaban Ibi da Lau, har aka kai ta fagen daga. Garwa ta miƙa wuya cikin Yuni. Ga Jamusawanka nan, kusa da gida, ba sai ka je Atlantika ba. Bayan yaƙi kuma shekaru da dama jiragen kamfanoni irin su John Holt da UAC suna jan manyan kwalekwalen ƙarfe su hau da gishiri da siminti da mai in ruwa ya cika, su sauko da gyaɗa da auduga kafin ya janye. Tsofaffin Lau da Ibi da suka ji ƙarar usur ɗinsu suna nan da rai, amma ba za su dawwama suna jiranka ba.

In kuwa ka ce kai dole sai mai ruwan toka da bindiga a gaba, to ƙasarka tana da su. Rundunar sojan ruwan Nijeriya ta faro tun 1956. Aradu, wanda ya daɗe yana jagorantar jiragenta, ya fara aiki a 1982, tsawonsa ya ɗan haura mita 125, kuma ka san inda aka ƙera shi? Hamburg, a masana'antar Blohm & Voss, wadda ta ƙera Bismarck ɗin naka. Gida ɗaya suka fito, amma ka ɗauki ɗan kishiya ka goya ka bar naka. A 2005 Aradu ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, ya tsaya cikin jiragen duniya da tutarmu. In ka rage shi sau 200 santimita 63 ne, zai zauna daram a kan kabad ɗin uwargida. Ga Dorina, ga Damisa, ga Kyanwa, ga Kada. Ga Andoni na 2012 da Karaduwa na 2016, waɗanda a Legas aka ƙera su da hannun 'yan ƙasa. Ban ga ko ɗaya a ɗakinka ba.

Na san amsarka tun ba ka buɗe baki ba, domin Bafulatani ba ya rasa hanyar zillewa. Za ka ce Bismarck yana da zane a ko'ina, kowane ƙusa an auna an buga, su kuwa jiragen Binuwai ina za ka samu ma'auninsu? To ai nan aikin yake, malam. Wanda ya ƙera Bismarck a bana ya bi sahun dubban mutane daga Tokyo zuwa Landan, kuma komai ƙoƙarinka wani ɗan Japan mai injin feshi zai fi ka. Su a garin Kure, inda aka ƙera Yamato, sun yi nasa samfurin ɗaya bisa goma, mita 26 da ɗoriya, suka gina masa gidan tarihi a 2005. Da wannan za ka yi gasa da tsinken tsintsiya? Amma wanda ya ƙera Sergent Malamine a Jalingo ba shi da na biyu a unguwar, kuma ina zaton har a jihar. Baikie da Crowther kowannensu ya buga littafin tafiyarsa, Faransawa sun rubuta ta Mizon, ga sashen tarihi a Jami'ar Jihar Taraba nan Kofai, kuɗin Keke ne tsakaninku. Wayar nan da ka manta a caji ranar Lau, yi amfani da ita.

Sannan akwai jirgin da ba ya buƙatar littafi ko kaɗan, kwalekwalen Binuwai. Na itace guda da ake fafewa yana ƙarewa, domin manyan itatuwan sun ƙare, yanzu na katako ne da injin Yamaha a gindi. Masassaƙan da suka san yadda ake zaɓen itacen, da inda ake barin kauri da inda ake ragewa, tsufa suke yi. Je ka zauna da su da tef ɗin awo da littafi. Ba sai ka shiga ruwa ba, na yi maka alkawari, a tudu suke aikin.

Kuma kifewar nan taka ta Mayo Gwoi, wadda na yi ta dariya a kai, ita ce darasi mafi tsada da kake da shi. Cikin Oktoba 2023 jirgin da ya kwaso 'yan kasuwa daga Mayo Renewo zuwa ɓangaren Karim Lamido ya kife a Binuwai, aka yi asarar rayuka, kuma ba shi ne na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Lodi fiye da ƙima, kaya a jibge a sama, mutane a kan kaya, babu rigar ruwa. Abin da ya kifar da abin wasanka shi ke kifar da na gaske. Ka ɗauki baho ka cika shi da ruwa, ka shiga da shi makarantar firamare, ka sa ɗan kwalekwale a ciki, ka ba yara tsakuwa su loda a ƙasa su gani, su loda a sama su gani. Yaron da ya ga wannan da idonsa, in ya girma ya zama matuƙi ko fasinja, zai san abin da yake kallo. Yaranmu da ma maƙera ne, motar kara da ta langalanga ba wanda ya koya musu. Abin da suka rasa shi ne babban da zai nuna musu ma'auni da lissafi ba tare da bulala ba, kuma ga ka nan Allah ya ba ka lokaci da haƙuri, abu biyun da Bafulatani ya fi kowa, tunda kiwo ba gudu ake yi ba.

Ga hukuncin ubangida. Bismarck ya zauna inda yake, an yafe masa, amma kada a ƙara shigo da Bajamushe gidan nan. Na gaba Sergent Malamine ne, da kwalekwalen Lau a gefensa, ma'auni ɗaya, don yara su ga bambancin girman da idonsu. In an gama a rubuta labarin a ƙasa da Hausa da Fulatanci da harshen Kona, a faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Bayan shi Aradu. A saya wa uwargida sabuwar tsintsiya da zare, a mayar mata da farantinta.

Saura kuɗin shara. Na bara ba ka biya ba, ka ce sai an biya fansho. An biya, na gani a kan kabad. Watan Cika-ciki na zuwa, ka haɗa da na bana ka aiko. Ba na karɓar jirgi a madadinsa.